Ba Da Yawunmu Ba: Kan Takardar Korar 'Yan Daudu Daga Sabo



Akwai wata takarda da take yawo a Sabo tun bayan ƙaramar salla. Wasu samari ne suke bi da ita gida-gida, suna neman masu gidajen haya su sa hannu cewa daga yau ba za su ƙara bai wa ɗan daudu ɗaki ba, wanda yake ciki kuma a ba shi wata guda ya tattara komatsansa. A bayan takardar an jera sunaye. An nemi a karanta ta a masallatai bayan Magariba, a sa mata albarka. Mu dai ba mu karanta ba, ba mu sa hannu ba, kuma ba za mu sa ba. Tunda har an fara yamaɗiɗi a majalisu da teburin mai shayi cewa wai muna ɗaure wa ɓarna gindi, gara mu faɗi dalilinmu a rubuce inda kowa zai gani. Mai hujja ya kawo tasa.

Bari mu fara da inda ba mu da saɓani, don kada wani ya ɗora mana abin da ba mu ce ba. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, wanda ya zo da tsinuwa a kan namijin da yake kwaikwayon mata da macen da take kwaikwayon maza, yana nan daram. Mun karanta shi, mun karantar da shi, ba mu da ikon goge shi, ba ma kuma son gogewa. Ba mu zo halatta wa kowa komai ba. Tambayar da ke gabanmu daban ce: idan mutum yana kan abin da muke ganin saɓo ne, wa ya ba mu izinin dukansa, tuɓe shi a titi, ɗaukarsa a waya, da raba shi da wurin kwana? Wannan ita ce maganar, kuma a nan ne masu takarda suka yi tuntuɓe.

Abu na farko, masu takardar ba su ma san su wa suke magana a kai ba. Sun zuba mutum iri uku a buhu ɗaya sun ɗaure baki. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fito fili ba, ko namiji ne ko mace. Akwai ɗan daudu, namijin da magana da tafiya da sana'arsa suka karkata zuwa na mata. Sannan akwai waɗanda yanzu rediyo ke kira masu sauya jinsi, waɗanda suke cewa abin da suke ji a ransu ya saɓa da jikin da aka haife su da shi, har wasunsu su nemi magani ko tiyata. Uku ne, kowanne da hukuncinsa. Kuma duk cikinsu babu wanda sunansa kaɗai ya isa ya zama shaidar luwaɗi.

Malamanmu na da ba su yi wannan gaggawar ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya sauke Muhtasar na Shaihu Halil ya san da mas'alar mata-maza littafin ya ƙare, wato yadda za a raba masa gado. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan lamarinsa ya rikice, ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Ku duba fa. Shari'a ta zauna ta yi masa lissafin haƙƙinsa a cikin dukiyar ubansa, mu kuma muna lissafin yadda za mu fitar da shi daga ɗakin da yake biyan haya da guminsa.

Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba mai ɗabi'ar mata gida biyu: wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi babu zunubi a kansa; da wanda yake yi da gangan, wannan shi ne abin zargi. Ibn Hajar a Fathul Bari ya ƙara da cewa na farkon ma ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari a hankali a hankali. A hankali, ba da gora ba. To ku samarin takarda, da wane ma'auni kuka gane wanda aka halitta haka da wanda ya ɗora wa kansa? Ko kun buɗe zukata ne?

Hatta maganar tiyata, malaman wannan zamani da ilimi suka tunkare ta. A 1988 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Sayyid Ɗanɗawi, ya yi fatawa cewa aikin ya halatta idan likitoci amintattu suka tabbatar akwai larura a jiki, bai halatta don sha'awa kawai ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tafi kusa da haka a 1989: ta haramta wa cikakken namiji ko cikakkiyar mace sauyawa, ta halatta gyara ga wanda halittarsa ta haɗa alamomi biyu. A Iran kuwa, tun fatawar Khumaini, hukuma tana yarda da aikin. Ba muna cewa a bi Iran ba ne. Muna nuna muku ne cewa wannan mas'ala ce ta malamai da likitoci, ana zama a kanta da littattafai, ba ta yaran da jiya-jiya suka bar makarantar allo ba su kai izu goma ba.

Abu na biyu, wanda ya fi mu kishin addini ya riga ya nuna hanya. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani mutum da ya yi ƙunshi a hannu da ƙafa irin na mata. Aka fitar da shi zuwa wani wuri da ake kira Naƙi'u. Wasu suka nemi izinin kashe shi, Annabi ya hana, dalilinsa kuwa shi ne mutumin mai salla ne. Mun san masu takarda za su yi tsalle su ce, to ai ga shi nan, an kore shi. Ku tsaya tukuna. Wa ya yanke hukuncin? Shugaba ne, mai iko da gari, a kan mutum guda da aka gurfanar gabansa. Ba taron yara ba ne suka rubuta sunaye da daddare. A cikinku wane ne alƙali? Wa ya naɗa shi? Wanda ake tuhuma ya samu ya buɗe baki? Kun ɗauki rabin hadisin da ya yi muku daɗi, kun bar rabin da ya kare jinin mutumin.

Akwai kuma sahabin nan da aka sha kawowa saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wannan ma a Bukhari yake. Daga nan malamai suka fitar da bambanci tsakanin tsine wa aiki a dunƙule da nuna mutum da yatsa a ce wane tsinanne ne. Na farko nassi ne. Na biyu shiga hurumin Allah ne, don babu wanda ya san yadda wani zai cika.

Sai babban abin tsoro, wato ƙazafi. Duk sunan da aka rubuta a bayan takardar nan, abin da mai karatu zai fahimta shi ne an ce wane ɗan luwaɗi ne. Suratun Nur ta sa bulala 80 a kan wanda ya jefi mutum da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. Shaidu huɗu da suka gani da ido, ba "an ce" ba, ba "ai dubi tafiyarsa" ba. Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana jifa da munanan laƙabi, ta hana mugun zato, ta hana binciken asirin mutane. Ku lissafa da kanku: takarda guda ta haɗa duka huɗun. Da a ce muna ƙasar da ake tsayar da haddi, wallahi masu rubuta sunayen ne za a fara kwantarwa, ba waɗanda aka rubuta ba.

Abu na uku, a daina munafunci. Daudanci ba daga Amurka ya zo ba, ba kuma TikTok ne ya haife shi ba. Kakanninmu sun san 'yan daudu a Kano da Katsina da Zariya tun kafin a kawo lantarki. Ana ma danganta sunan da Daudu, wato Ɗan Galadima na 'yan bori. A tasha da bakin kasuwa su ne masu tuwo da miya, su ne masu soya kaji. A nan unguwar ma haka ne. Wa yake dafa abincin da direbobin tirela da 'yan dako da masu sauke tumatir suke ci da tsakar dare? Idan biki ya tashi, wa uwar amarya take aika wa ya zo ya kama mata girkin mutum ɗari uku? An ci, an sha, an yi dariya da habaicinsu, an kunna fim an ƙyaƙyata da mai kwaikwayonsu. Gari na wayewa sai a ɗaura rawani a ce a kore su.

Kuma in dai ana maganar ɓarna, ai ba mutum ɗaya ke yin ta ba. In har akwai kawalci a wasu ɗakuna, kamar yadda ake faɗa, to su wa ke kai kuɗin? Daga sama suke faɗowa? Me ya sa ba mu ga sunan mai babbar riga ko ɗaya a takardar ba? Ina sunan mai tauye mudu? Ina na mai ba da bashi da ruwa? Ina na mai sayar wa yaranmu ƙwaya da maganin tari a lungu, wanda kowa ya san ƙofarsa? Ina na wanda ya saki mace da 'ya'ya biyar ya bar ta tana bara a bakin titi? Waɗannan suna da dangi, suna da kuɗi, wasunsu suna sahun gaba. Sai aka zaɓi wanda ba shi da kowa, wanda in an mare shi babu mai zuwa tambaya. Wannan ba kishin addini ba ne, neman mai rauni ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi hana mu barci, kuma muna roƙon dattawa su saurara da kyau. Mu baƙi ne a ƙasar nan. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, an haifi iyayen wasunmu a nan, amma har gobe in rigima ta tashi sai a tuna mana cewa mu 'yan Arewa ne. Mun san ɗanɗanon a yi wa mutum hukunci da sunan jinsinsa ba da laifinsa ba. A Shagamu, cikin Yulin 1999, zargin da aka yi wa mace ɗaya lokacin bikin Oro ya jawo asarar rayuka masu yawa, wutar ta tsallaka har Kano. A kasuwar Sasa, cikin Fabrairun 2021, saɓani tsakanin mutum biyu ya zama ƙone-ƙonen shaguna da gidaje, mutanenmu suka kwana a fili da 'ya'yansu. A Uromi ta jihar Edo, cikin Maris na 2025, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 ba tare da alƙali ya ga fuskarsu ba. Wani ya ɗauka a waya, duniya ta kalla.

Me muka ce a lokacin? Mun ce zalunci ne. Mun ce ko da sun yi laifi ai akwai hukuma. Mun ce ba a hukunta mutum don kamanninsa ko shigarsa. Gaskiya muka faɗa. To yaya bakin da ya faɗi haka jiya zai dawo yau ya ce a tare wane a lungu don yadda yake karya murya? Taron da ya kewaye mafarauci a Uromi da taron da ya kewaye ɗan daudu a bayan kasuwa, tunaninsu ɗaya ne: mun gan shi, mun san irinsu, ba sai an yi bincike ba. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so a Najeriya, shi ne garkuwarmu duk ranar da wani ya tashi ya ba Hausawa wa'adin barin gari. In muka yaga shi da hannunmu a cikin unguwa, da wane baki za mu kafa hujja da shi a waje? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa namu gemun ya sha kamawa.

Ga kuma maganar doka, don wasu suna cewa ai gwamnati ma ta hana. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta haramta auren jinsi ɗaya, da ɗaurin shekara 14, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsa. Ba ta yi maganar sutura ko tafiya ko murya ba, kuma babu inda ta miƙa wa wani ɗan unguwa sanda. An kai ƙudurin hana shigar mata ga maza gaban Majalisar Wakilai a 2022, bai zama doka ba. Ko Bobrisky da kowa ke ambata, da aka yi ɗaurin wata shida a Legas a Afrilun 2024, laifin wulaƙanta naira ne wajen liƙi, ba shiga ba. Nan kuma jihar Oyo ce, babu Hisba. Abin da doka ta sani sarai shi ne duka laifi ne, fasa ɗakin mutum laifi ne, fitar da ɗan haya ba bisa ƙa'ida ba laifi ne. Ranar da aka ji wa wani rauni ko rai ya salwanta, motar 'yan sanda ba za ta tsaya tantance wa ya yi ba. Za a kwashi yaranmu, har da wanda ya fito sayen koko, jaridu kuma su rubuta cewa Hausawa sun sake yi. Dattawan da suka yi shiru yau su ne za su yi ta sintiri a ofishin 'yan sanda da kuɗin beli.

Sannan a tambayi kai: in an kore su, ina za su? Wasunsu daga Arewa suka taho bayan da aka fara shari'a a shekarar 2000, wasu kuma gidan ubansu ne ya rufe musu ƙofa. Wanda yake cikinmu yana jin kiran salla sau biyar, yana jin wa'azi ko bai so ba, yana da maƙwabcin da zai ce masa wane ka ji tsoron Allah. In ya koma ƙarƙashin gada a Legas, wa zai faɗa masa? A watan Agustan 2024 an tsinci gawar Area Mama, da aka sani a TikTok, a gefen titi a Abuja. Abin da ya fi gawar tayar da hankali shi ne yadda wasu, har da masu sunan Musulmi, suka riƙa murna a intanet. Rai ne fa. Suratul Isra'i ta ce Allah ya karrama 'yan Adam, ba ta ware kowa ba. Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci.

Iyaye mata sun ce tsoronsu tarbiyyar yara. Wannan tsoro ne na gaskiya, ba mu raina shi ba. Amma ku duba abin da yaro yake koya ranar da ya ga yayyensa sun tuɓe babban mutum suna ihu suna ɗauka a waya. Yana koyon cewa in kuna da yawa, kuma wanda ke gabanku ba shi da gata, komai ya halatta. Wannan darasin ya fi kowace rangwaɗa haɗari. Kuma a gidajenmu akwai yaran da Allah ya yi su da sanyin murya da kunya, ba su san komai ba, amma tun suna shekara bakwai ake kiransu ɗan daudu, a gida da makaranta. A yi ta kiran yaro da suna har ya gaji ya amsa. Ya tashi ya ga babu inda ake sakar masa fuska sai wajen waɗancan, sannan a ce sun lalata shi. Wa ya tura shi? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Masu cewa wannan duk shirin Turawa ne, mu ma ba mu karɓi tutar kowa ba, ba kuma wanda zai zo daga waje ya koya mana abin da za mu ce halal ne. Sai dai hana zalunci ba daga Turai aka kawo mana shi ba. Yana cikin Muwaɗɗa, inda Annabi ya nuna wa Hazzal cewa da ya rufa wa Ma'izu asiri da ya fi masa alheri. Yana cikin al'adar fatoma da ta gina unguwar nan, inda mai gida yake sauke baƙon da bai taɓa gani ba, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya tsaya masa.

Don haka ga abin da muke nema. Mai martaba Sarkin Hausawa da majalisarsa su karɓe takardar nan, su hana yawo da ita. Masu gidajen haya su riƙe ƙa'ida ɗaya ga kowa: wanda ya mayar da ɗakinsa wurin ɓarna, ɗan daudu ne ko alhaji, a kawo shaida gaban dattawa, a ji ta bakinsa, in ta kama a bi hanyar doka a sallame shi. Wanda yake zaune lafiya yana sana'arsa, a bar shi. Duk wanda ke da hoton wani da aka wulaƙanta a wayarsa ya goge, kada ya tura, don kowane turawa da nasa zunubin. 'Yan'uwanmu limamai da masu wa'azi, mu faɗi hukunci yadda yake, amma mu faɗi haramcin ƙazafi da duka da irin ƙarfin muryar da muke faɗin ɗayan. Nasiha kuma a yi ta a keɓe, da mutunci. Ƙofar masallaci a buɗe take ga duk mai alwala, ba mu da ikon tsayawa a bakinta muna zaɓe.

Ku kuma samari, 'ya'yanmu, ba mu ce ba ku da kishi ba. Kuna da ƙarfi, kuna da lokaci. Ga magudanun ruwa sun toshe damina na tafe, ga marayu babu kuɗin makaranta, ga masu ƙwaya suna cinye ƙannenku. Ku zo mu rubuta wannan takardar tare, mu za mu fara sa hannu.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya zaunar da unguwarmu lafiya. Wassalamu alaikum.